Dogon Gilashina da Kunnen Kaka Tumba

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Nana ba, kuma ko na so in manta, matan Kebbe ba za su bar ni ba. Amma kafin komai bari in gyara maganar da ta bi gari. Ba cuta ta aka yi ba. Masu cewa ɗan kasuwa ya ga baƙauya ya liƙa mata lalatacciyar kyamara, ƙarya suke yi. Masu cewa ban san gangar jikin kyamarar kaɗai ake sayarwa babu gilashin gaba ba, su ma ba gaskiya suke faɗa ba (Innata tana cikinsu, rufa mini asiri take yi, Allah ya saka mata da alheri). Kyamarar nan lafiyarta ƙalau, ga ta can cikin akwati tana jira na. Abin da ya same ni da yatsana na nuna shi, idona biyu. Murja ce sanadi, kuma ba ta yi mini komai ba. Wannan ɗin ma shi ya fi ba ni haushi.

Murja ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, aji ɗaya muka yi a sakandare a nan Tambuwal. Shekara shida ban taɓa barin ta ta wuce ni a jarrabawa ba. Lissafi ma ni nake yi mata, tana biya na da gyaɗa. Muna gamawa sai yayanta ya tafi karatu ya bar mata wata tsohuwar kyamara mai ɗan guntun gilashi a gaba, kamar murfin kwalbar man shafawa. Na yi mata dariya a lokacin. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a wurinmu namiji mai hoto iyakarsa zaure. Cikin gida, inda mata suke cire mayafi su baje ƙunshi da kitso, inda ake kukan gaskiya da dariyar gaskiya, babu namijin da yake taka ƙafa. Sai dai kowa ta ɗaga wayarta ta ɗauki abin da ya samu, rabin kai, rabin bango. Murja ta shiga da 'yar kyamararta. Kafin shekara ta zagayo, daga Tambuwal har Jabo, in ana shirin biki tambayar da ake yi bayan an gama maganar shinkafa ita ce, "An gaya wa Murja?"

Kujera ake ba ta. Kwanonta daban, da tsoka a sama. Tsofaffi suna kiran ta "ɗiyata mai hoto". Ni kuwa, mai ɗaukar na ɗaya, ina gefe ina ɗinkin hula, in an ga dama a ce, "Ke, matsa, kin tare wa Murja haske." Sau biyu aka faɗa mini haka. Na biyun a bikin ƙawata ne, ni ce ma babbar ƙawa.

Akwai wani guruf a waya na masu sha'awar ɗaukar hoto, yawancinsu maza ne ma'aikata da 'yan makaranta daga garuruwa daban-daban. Na shiga ne da sunan koyo, amma gaskiyar magana leƙen asiri ya kai ni, don na ji Murja tana saka hotunanta a can. Wata uku ina ciki ban ce uffan ba, ina ƙirga masu yaba mata. Rannan sai wani ya kawo labari cewa wani shago a Sakkwato ya karya farashin wata kyamara, gangar jiki kawai, saboda sabon samfuri ya fito. Kamfaninsu ɗaya da ta Murja, amma ƙanwar ƙanwarta ce wajen sabunta. Nan take na rubuta maganata ta farko a guruf: "In saya?"

Ashe jira suke. Wani ya ce in ban saya yau ba zan yi nadama har tsufana. Wani ya ce duk abin da aka karya wa farashi akwai dalili, in jira sabuwar ita ma ta sauko. Na uku ya ce shi shekara huɗu yana jiran sabuwa ta sauko, har yau da waya yake ɗaukar akuyarsa. Biyu suka kaure da faɗa a kan batir, suka manta da ni gaba ɗaya, har ɗaya ya fita daga guruf ɗin aka je ana ba shi haƙuri. Wani kuma ya turo muryarsa ta minti tara, na saurari rabin minti na kashe. (Ba ni da haƙurin dogon bayani. Ko wa'azi in ya wuce minti goma ƙafata rawa take farawa.)

A cikin hayaniyar nan akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda kowa ke kira Malam. Layi biyu kacal ya rubuta mini: "Gangar jikin tana da kyau, ki saya. Amma gilashi shi ke yin hoto, kuma kafin ki zaɓe shi ki gaya mana a wane irin wuri za ki yi aiki." Na karanta layin farko, na ce Malam ya yi gaskiya. Na biyun na ga kamar neman jan magana ne.

Na sayar da tumakina biyu, na hau mota zuwa Sakkwato. Mai shagon, Allah ya sani, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ga gangar jiki, gilashi daban ne, kuma abin da ya rage a hannuna zai iya sayen guda ɗaya, shi ma na hannu, wanda wani ya taɓa amfani da shi. Ya ajiye biyu a kan kanta. Ɗaya guntu, sak irin na Murja. Ɗaya dogo, baƙi, mai nauyi, in ka murza shi ya ƙara miƙewa kamar ƙaramin taɓarya.

"Na biki ne ko na fili?" ya tambaye ni.

"Wanne ya fi tsada da yana sabo?"

"Dogon. Amma Hajiya, shi na nesa ne."

"Sa mini shi."

Ba hoto nake gani ba a lokacin. Fuskar Murja nake gani, ranar da zan shigo tsakar gida da wannan abu rataye a wuyana, nata kuma yana leƙowa daga ƙirjinta kamar maɓalli.

Na dawo gida na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na hau tsani na ɗauko shirwa a kan ƙarfen sabis, har ƙwayar idonta. Na ɗauko lambar wani babur da ke can bakin titi. Na ɗauko wata mata tana shanya a unguwar da ban taɓa shiga ba. Na tura guruf, aka yi ta tafi, har wanda ya yi fushi kan batir ya ce hannuna yana da kyau. Kwana huɗu ina ɗaukar duk abin da ya yi nisa, saboda shi ne abin da na Murja ba ya iyawa. Ko sau ɗaya ban juya na ɗauki mutum a cikin ɗaki ba.

Daga nan na kira Goggo Luba, ƙanwar babana da ke aure a Kebbe, wadda za ta aurar da 'yarta Nana. Na san ta riga ta yi wa Murja magana. Na ce, "Goggo, jininki na da kyamara ki tafi neman ta wani gida? Tawa sabuwa ce, tata kuwa ta gado ce." Goggo ta ce, "Kin dai iya ko?" Na ce ta tambayi mutanen guruf. Ba ta san mene ne guruf ba, sai abin ya yi mata girma, ta yarda. Ta aika wa Murja cewa ta zo cin tuwo kawai.

Sannan ta gaya mini abin da ya kamata ya sa in yi sanyi. Kakarmu, Kaka Tumba, wadda ta haifi babana da Goggo, za ta zo daga Fakku, kuma ta yarda a ɗauke ta hoto. Wanda bai san Kaka ba ba zai gane girman wannan ba. Tsohuwar nan ko an ɗaga waya kusa da ita mayafi take ja ta rufe fuska. Duk zuri'armu babu mai hotonta, in ban da na katin zaɓe, wanda ita kanta ta ce ba ita ba ce. Nana ce ta yi mata kuka, ta ce ba za ta tafi gidan miji ba sai da hotonsu tare. Kaka ta gindaya sharaɗi: sau guda, cikin ɗaki, tana zaune, ba a tsakar gida gaban mutane ba, kuma kafin la'asar za ta koma.

Na ce wa Goggo ta kwantar da hankalinta, ƙaramin aiki ne.

Damina ce, hanyar Kebbe ta jiƙe, mai babur ɗin da ya ƙarasa da ni sau biyu yana sauke ni in taka. Na rungume jakar kyamara kamar jaririya. Amma shigata gidan ta biya ni duk wahalar. Na rataya abin a wuya tun daga zaure, na murza gilashin ya miƙe iya tsawonsa. Mata suka bar tukunya suna kallo. Wata ta ce wannan ai har Sakkwato zai hango. Murja tana zaune a tabarma da 'yar jakarta, ta dube ni, ta dubi gilashin, ta daɗe tana dubansa.

"Taubashiya, bindiga kinka sawo?"

"Kyamara ce. Ta manya."

"Awo. Ina za ki tsaya da ita?"

"Inda masu hoto ke tsayawa. Ke dai ci tuwonki."

Na ɗauka kyashi ne yake cin ta, har na ji daɗi a raina. Na ce yau ke ma ki ɗanɗana.

Bayan azahar aka ce Kaka ta shirya. Ɗakin Goggo dama ba wani girma gare shi ba, ga shi an cika rabinsa da kayan amarya da ke jiran mota: katifa a jingine, kwanuka a ɗaure, buhunan gara. Abin da ya rage taku uku ne tsakanin gado da ƙofa. Kaka tana bakin gado cikin zanenta na saƙi da ba ta fito da shi sai Sallah, ta sa kwalli, ta sa ɗan kunnenta na azurfa. Nana tana gefenta, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Wallahi ko makaho ya san wannan hoto ne.

"To ɗiyar ga, yi maza," in ji Kaka. "Bayana ba shi son zamnawa. Babur ya gama da shi."

Na ɗaga kyamara na sa ido. Duhu, sai wani abu mai ruwan ƙasa ya cika ko'ina. Na murza gilashin ya dawo iya gajartarsa. Abin nan bai tafi ba. Na danna, kyamarar ta yi ziii, ta koma ziii, tana neman abin kamawa ta rasa. Na ja baya taku ɗaya. Sai na gane abin da nake kallo: kunne ne. Kunnen Kaka, shi kaɗai, ya cika hoton daga sama har ƙasa.

Na ƙara ja baya har na taka kwanukan amarya suka yi ƙara. Kunne da rabin kunci. Na karkata, hancin Nana. Na danna dai, na danna, don a ji ƙarar aiki.

"An yi?" Kaka ta tambaya.

"Saura kaɗan, Kaka. Haske nake gyarawa."

A bakin ƙofa na ji an taɓa gwiwar hannuna. Murja ce. Ta riga ta kwance ɗan guntun gilashinta, ta ɓoye shi cikin mayafi yadda babu mai gani, ta yi ƙasa da murya. "Karɓi ki ɗaura. Bakinsu ɗaya, zai hau. Ba wanda zai sani."

Kullum in na zo nan a labarin nakan so in canza shi. Minti ɗaya ne aikin. Da na karɓa, da yau hoton yana bango da sunana. Amma na ga matan da suka yi cirko-cirko a bayanta, waɗanda ɗazu suka ce abina zai hango Sakkwato, na ce, "Riƙe murfin kwalbarki. Tawa fili take so."

Ta mayar da shi ta ɗaura a tata.

Na ɗage labule na fita da baya. Daga bakin ƙofa, fuskar Kaka ta shigo, Nana babu. Na ci gaba. Tsakar gidan biki kuwa kun san yadda take, wannan ta gifta da tire, waccan ta gifta da goyo. Na fara ba da umarni. "Ku buɗe hanya. Hajiya, janye tabarmarki. Ke mai kore, duƙa." Matan da suka haifi iyayena na sa su matsawa. Aka tsaga gida biyu, aka bar mini layi tun daga ƙofar ɗaki, kowa tana kallon ikon Allah. Na wuce murhu. Na wuce rijiya. Idona yana cikin kyamara, ƙafata tana laluben ƙasa. Yanzu kam su biyun sun shigo, amma daga hasken rana ɗakin ya zama rami baƙi, sai farin haƙoran Nana.

"Kaka, ku ɗan matso bakin ƙofa," na ɗaga murya.

Daga ciki na ji ta ce wa Goggo, "Luba, ɗiyar ga hoto taka ɗauka ko gida za ta koma?"

Aka fara ƙunshe dariya. Na ce a raina taku biyu ya rage, in nuna musu. Ban san na iso turken shanun mijin Goggo ba. Taku na farko ya sauka a kan abin da shanu suke bari, wanda ruwan daren jiya ya kwaɓa. Na biyun bai sauka ko'ina ba. Santsi ya kwashe ni, na tafi da baya na zauna daram cikin kwamin da ake jiƙa musu dusa. Ruwan ya yi tsalle ya dawo kaina. Ƙafafuna a sama, takalmi ɗaya ya tafi, hannuwana biyu sun ɗaga kyamara sama kamar ina miƙa ta ga wani. (Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wannan kaɗai nake alfahari da shi.) Wata saniya ta matso a hankali, ta shinshina ni, ta fara lasar dusa daga ɗankwalina.

Gidan ya fashe. Na ga wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Amma dariyar da ta fi kowace tashi daga ƙofar ɗaki ta fito. Kaka Tumba, wadda ta rantse ba za ta fito gaban mutane ba, ta taso da kanta ta dafa Nana, sun tsaya a bakin ƙofa cikin haske, tana nuna ni da yatsa, hawaye suna wanke mata kwalli, Nana ta rungume ta don kada ta faɗi. Daga gefe, taku uku kacal daga inda suke, na ji wata 'yar ƙara da na sani. Ƙyas. Sau ɗaya.

Da aka ciro ni, Goggo Luba ba ta yi dariya ba. Ta ce in nuna mata abin da na ɗauka, a nan, gaban kowa. Na kunna bayan kyamarar, mata suka yi mini rumfa. Kunne. Kunne. Wani abu da ba a gane ba. Hanci. Kusurwar katifa. Kunne.

"Wanga kunnen wa na?" wata ta tambaya.

Kaka ta leƙo. "Nawa na. Ga ɗan kunnena nan. Ashe tsatsa ta kama shi, ba wanda ya gaya mini."

Hoto na ƙarshe shi ne wanda yatsana ya danna ina cikin faɗuwa. Ya fito tar, babu abin da ya kai shi kyau: bajimin maƙwabta, can bayan katanga, yana kallon gabas.

Goggo ta ce, "Kaka, ko za a sake?" Kaka ta ce sau guda ta ce, kuma an yi, ta zauna har bayanta ya ƙage. Ta nemi mayafinta. Nana ta dube ni, idonta ya cika. Wannan kallon ya fi kwamin dusa ciwo, don har lokacin abin dariya ne, sai a sannan na tuna ba bikina ba ne, kuma ba kakata ni kaɗai ba ce.

Murja ta zo ta miƙa wa Nana kyamararta ba tare da ta dube ni ba. Nana ta kalla, ta rufe baki, ta kai wa Kaka. Tsohuwar ta daɗe tana duba. Sannan ta ce, "Wagga kam ni ce."

Hoton yana ɗakin Nana yanzu, an wanke shi babba. Akwai shi a gidan Goggo, akwai shi a gidanmu, Babana da kansa ya buga ƙusar. Shi ne hoto guda ɗaya a duniya da Kaka Tumba ta yarda ita ce, tana dariya har ana ganin wawulonta, yatsanta a miƙe. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, "Me take nunawa haka?" Kuma kullum akwai mai ba shi amsa. Kullum.

Na so in ce daga ranar kyashin ya fita daga raina, amma ban saba yi muku ƙarya ba. Har yanzu in na kalli hoton nan sai haushi ya kama ni, don ya yi kyau ƙwarai, kuma ba ni na ɗauka ba. Iyakar gudummawata ita ce faɗawa cikin dusa. Murja ma ta ce in ana son tsofaffi su saki fuska a biki, za ta riƙa tafiya da ni da kwami.

Na koma guruf na ba da labari, na rage wajen saniya. Suka sake kaurewa, rabi suna cewa in sayar da gilashin, rabi suna cewa in riƙe shi wata rana zai yi amfani. Malam ya bari suka gaji, sannan ya rubuta, "Na tambaye ki wurin aiki." Na koma sama na nemo saƙonsa na farko. Yana nan, layi na biyu, inda na bar shi. Abin da na koya ke nan: in mutum ya rubuta maka layi biyu, karanta duka, kuma in za ka sayi kayan aiki, auna shi da ɗakin da za ka shiga, ba da wuyan taubashiyarka ba.

Dogon gilashin ba zan sayar ba. Mai bajimin nan ya ga hoton, ya tura wa wani mai saye, yanzu har mutum biyu sun aiko suna tambaya ko ina ɗaukar shanu. Zan ɗauka, su ba sa shiga ɗaki. Amma ranar Asabar akwai suna a Jabo, an gaya wa Murja kamar kullum, ni kuma na riga na aika mata cewa zan bi ta in riƙe mata jaka, ta nuna mini yadda ake tsayawa taku uku daga mutum. Ta amsa da cewa in zo da takalmi mai kama ƙasa. Na karanta, na haɗiye, na ce to. Zan je, zan riƙe jakar, zan kalli duk abin da yatsunta ke yi. Shekara shida ina yi mata lissafi, yanzu ita ma ta yi mini nata. Gyaɗar ma na riga na saya.